Gangar Gayya a Tafin Hannu

Shekarar da kurkunu ya kwantar da maƙwabcinmu, ban wuce shekara goma sha biyu ba. Ruwa ya zauna, gero ya fito ya yi kore shar, ciyawa kuma ta taso tana neman shaƙe shi. Mai gonar yana kwance a zaure, ƙafa a kumbure, kullum safe ana naɗe masa tsutsar a jikin ɗan tsinke kaɗan-kaɗan, don in ta tsinke a ciki ciwon ya koma sabo. 'Ya'yansa maza duk ƙanana ne, babu wanda ya isa ya kai kunya ɗaya ƙarshe. Kowa a unguwa ya san lissafin: in aka ƙara kwana goma ba a yi noman firi ba, gonar ta tafi, rumbun gidan kuma zai zauna wayam har wata kakar.

Ranar Laraba bayan isha'i sai ga sarkin samari da ƙullin goro. Ya yi sallama, ya durƙusa gaban mahaifina, ya ce, "Baba, ranar Asabar in Allah ya kai mu muna gonar Malam. Mun zo roƙon a ba mu aron yaran nan." Mahaifina ya karɓi goro ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ai har da ni za a je." Haka ya bi gida-gida. A garinmu, wanda ya karɓi goron gayya ya ɗauki alkawari ke nan, ko bai buɗe baki ba.

Ranar Asabar, tun gari bai gama wayewa ba muka ji ganga daga bakin gari. Kiɗan noma ba ya barin mai jini a jika ya ci gaba da kwanciya. Samari suka jeru a gindin gona, kowa ya kama kunyarsa, makaɗi yana biye da su, yana kiran kowa da sunansa da sunan ubansa, yana tuna masa irin noman da kakansa ya yi. In ya ga wani ya fara sanyi, sai ya matsa kusa da shi ya sauya kiɗa, nan take ka ga hauya ta ƙara sauri. 'Yan mata suna kai da kawowa da tulunan ruwa, mata sun aiko da ƙoren fura, mu yara muna bin baya muna kwashe ciyawa. Kafin azahar an kai ƙarshen gona. An kawo Malam a kan jaki, an zaunar da shi a gindin tsamiya. Ya dubi gonarsa tas, ya buɗe baki zai yi godiya, magana ta ƙi fita, sai ya ɗaga hannuwa sama kawai.

Makaɗin nan bai taɓa hauya ba a ranar, ko ciyawa ɗaya bai cire ba. Amma babu wanda ya ce bai yi aiki ba, kuma da kaka ta yi, daminsa yana cikin waɗanda aka fara fitarwa. Haka kuma babu wanda ya ruɗe ya ce ganga ce ta nome gonar.

Abin da ya dawo mini da wannan rana shi ne 'yar ƙanwata, ɗalibar kwalejin ilimi, da ta zo gaishe ni da waya a hannu. Ta ce, "Kawu, ka ga wannan? Wai gidan marayu ne abincinsu ya ƙare. Na tura wa duk wanda na sani." Na ce, "Allah ya yi miki albarka. Kin san inda gidan yake?" Ta ce, "A'a, Kawu, ni ma turo mini aka yi." Na ce, "To, ke me kika kai musu?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai ba ni da kuɗi, Kawu." Na dubi fuskarta na ga tausayi ne na gaskiya ya sa ta. Yarinyar ta kaɗa ganga iya ƙarfinta, amma ba ta san gonar wa ake nomewa ba, kuma ba ta san cewa ita ma tana da hauya ba.

Wayar nan da ke hannunmu gangar gayya ce. Da ita ƙungiyoyin sa-kai da gidauniyoyin agaji, waɗanda ba riba suke nema ba, ke kiran jama'a a yau: masu kula da marayu, masu haƙa rijiyoyi, masu ciyar da mabukata da azumi, masu biya wa marasa lafiya kuɗin magani. A da, ƙungiya ƙarama sai ta sayi fili a rediyo ko ta bi masallatai da takarda. Yanzu saƙo ɗaya da aka rubuta a Gusau da safe, kafin la'asar ya isa Kumasi da Jidda da Landan. Ba a taɓa yin ganga mai nisan amo irin wannan ba, kuma kowa na da tasa a aljihu.

Mai shakkar ƙarfinta ya tambayi mutanen Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum fiye da yadda aka saba. Da aka bincika, sai aka tarar gubar dalma ce. Zinare ya yi tsada, mutane suna kawo duwatsun da suka haƙo cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. Maganin da ke fitar da dalma daga jini kuwa ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa masa cutar. Dole sai an fara kankare ƙasar gidaje, an kwashe ta an binne, an zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki, kuɗi ya ƙare, aka bar Bagega da yara kimanin 1,500 suna jiran magani. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Damina ta zo ta wuce, kuɗi bai fito ba.

Sai matasa suka ɗauki ganga. Hamzat Lawal da abokan aikinsa, waɗanda suka kafa shirin bin diddigin kuɗin gwamnati mai suna Follow The Money, suka riƙa yayata maudu'in #SaveBagega a Twitter da Facebook. Ƙungiyar Human Rights Watch da wata ƙungiyar matasa masu kare muhalli suka nemi jama'a su je shafin Facebook na shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, su tambaye shi ina alkawari. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin aikin. Aka shiga kankare ƙasa, a watan Afrilu kuma MSF ta fara ba yaran Bagega magani. Ƙauyen da yawancin 'yan Najeriya ba su taɓa jin sunansa ba, kiɗa ya kai shi kunnen masu iko.

Amma a dubi waɗanda suka duƙa. Akwai ƙwararrun kamfanin TerraGraphics daga Amurka da suka zo da na'urar auna dalma a ƙasa, akwai ma'aikatan muhalli na jiha, akwai 'yan garin da suka riƙe shebur da baro a cikin rana, akwai masu jinya da suka riƙa ɗibar jinin yara suna aunawa wata bayan wata. MSF ta yi fiye da shekara goma a kan wannan aiki a Zamfara. Su ma matasan da suka yi kiɗan ba su rataye ganga sun koma gida ba, sun bi kuɗin har ƙauyen don su ga abin da aka yi da shi. Kiɗa ya tara jama'a, hauya ta yi noma, shi ya sa Bagega ta tsira.

A kowace gayya akwai 'yan kallo. Sukan tsaya a bakin gona, su gyaɗa kai ga kiɗa, su yaba wa wanda ya fi sauri, in fura ta zo su sha. A gona ba su da yawa, domin ido na kansu. A waya kuwa su ne suka fi yawa, kuma da yawansu ba su san 'yan kallo ba ne, domin danna alamar so yana sa zuciya ta ji kamar ta sauke nauyi. A 2013 reshen UNICEF na ƙasar Suwidin ya fito fili ya faɗa wa masu bin shafinsa cewa danna alamar so ba zai yi wa yaro ko ɗaya allurar rigakafin shan-inna ba, kuɗi ne ke sayen maganin. Mu da muka ga yadda aka yi ta bin gida-gida da ɗigon rigakafi shekara da shekaru, kafin a tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, mun san gaskiya suka faɗa. Ƙungiya tana iya samun mabiya dubu ɗari ta kasa biyan kuɗin hayar ofis. Taron tsintsiya ba shara ke nan.

To, me ke sa wani kiɗan ya tara manoma, wani ya tara 'yan kallo? Ni dai na ga amsar tana cikin goron sarkin samari. Bai tsaya a kasuwa ya yi shela ba, ya zo ƙofar gidanmu ne, ya faɗi rana, ya faɗi gona, ya faɗi abin da yake so. A tsakiyar 2014 an yi wani yayi a Amurka da ya bazu duniya, na kwara wa kai bokitin ruwan ƙanƙara don tallafa wa masu yaƙi da cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin motsi har mutum ya kasa tafiya da magana da numfashi. Ruwan sanyi shi ne abin kallon, amma ƙarfin abin yana wani wuri: duk wanda ya yi sai ya kira sunayen mutanen da ya sani, ya ba su kwana ɗaya, su yi ko su ba da kuɗi, da yawa kuma suka haɗa biyun. Ƙungiyar ALS ta Amurka ta tara dala miliyan 115 a wannan lokaci, kuma a 2016 masu binciken da suka samu wani kaso na kuɗin suka sanar da gano ƙwayar halitta mai suna NEK1 da ke da hannu a cutar. Kiran suna ne ya yi aiki, kamar yadda makaɗinmu ke kiran saurayi da sunan ubansa.

Saboda haka, mai son taimaka wa wata ƙungiya da wayarsa, ya fi masa ya zaɓi mutum biyar da ya sani ya rubuta wa kowa daban da ya watsa saƙo ga mutum ɗari biyar. Ya ce, "Yaya, ni na sa dubu biyu a aikin rijiyar nan, na je na gani da idona, saura bututu. Ko za ki sa wani abu kafin Juma'a?" Wannan goro ne, kuma ba a mayar da shi cikin sauƙi. Saƙon da aka turo aka sake turowa, wanda ba a san mafarinsa ba, kamar kiɗa ne daga wani gari: a ji, a ce Allah sarki, a juya a ci gaba da barci.

Akwai inda gonar Malam ta bambanta da waya, kuma bambancin babba ne. A gona kunya iri biyu ce ke aiki: wadda ake bi da hauya, da wadda ke hana saurayi miƙewa tsaye alhali 'yan mata suna kallo. A waya ta biyun ba ta nan, ba mai ganin ko ka duƙa ko ba ka duƙa ba. Sannan a gona kowa ya san Malam, an ga ƙafarsa, an san iyakar gonarsa. A waya ana iya kaɗa maka ganga ka nome gonar ɓarawo.

Wannan ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau yana damuna. An turo mini hoton wani yaro a gadon asibiti da lambar asusu a ƙasa, na tura abin da ya sawwaƙa, na kuma tura saƙon a zauren WhatsApp na danginmu. Saboda ni na turo, mutane da dama suka sa kuɗi. Bayan 'yan watanni sai ga hoton nan ya dawo, yaron ɗaya, gadon ɗaya, amma an sauya sunan gari da lambar asusu. Kuɗina bai dame ni ba kamar amanar da dangi suka ba sunana. Abin da ya fi ciwo, da wata ƙungiya ta gaskiya ta zo neman taimako daga baya, sai na ga hannayen da suka saba miƙewa sun noƙe. Macucin ya ci kuɗinmu, ya kuma ci rabon marayun da bai taɓa gani ba.

Tun daga nan na koyi tambayar gonar wa ce kafin in kaɗa. Ƙungiyar da ta kafu a Najeriya tana da rajista da hukumar CAC da sunan amintattunta, kuma ana iya bincika sunanta. Tana da asusun banki da sunanta, kuma manhajar banki tana nuna sunan mai asusu kafin a danna tura. In aka ce gidauniya ce amma sunan mutum ɗaya ya fito, a tsaya a yi tambaya. Akwai ƙananan ƙungiyoyin unguwa masu gaskiya da ba su kai ga rajista ba, su kuwa maganinsu sauƙi ne: gani ya kori ji. A je, ko a aiki wanda aka yarda da shi, a tambayi mai unguwa ko limamin wurin. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Ko inda babu cuta, sanin gona yana da amfani. A Janairun 2020, lokacin gobarar daji a Ostareliya, wata 'yar wasan barkwanci mai suna Celeste Barber ta buɗe gidauniya a Facebook, aka tara fiye da dalar Ostareliya miliyan 51. Da yawa cikin masu bayarwa sun ɗauka kuɗin zai kai ga waɗanda gidajensu suka ƙone da masu ceton dabbobi. Amma asusun da aka rubuta na hukumar kashe gobarar karkara ne ta jihar New South Wales, kuma a watan Mayu kotu ta yanke cewa ba za a raba kuɗin ga wasu ƙungiyoyin agaji ba, sai dai a kashe shi a kan abin da dokar asusun ta tanada, wato ma'aikatan kashe gobara da kayan aikinsu. Ba wanda ya saci ko sisi. Sai dai gonar da aka ambata ita aka nome, ba wadda ke zuciyar kowane mai bayarwa ba.

Akwai kuma wani ladabi na makaɗinmu da ban gane darajarsa ba sai da na girma. Tun safe har aka gama noma yana kiɗa, bai taɓa cewa a zo a ga Malam da ba shi da na tuwo ba. Manoma ya yi wa kirari, aiki ya zuga, mai gona kuwa aka bar shi a inuwa da mutuncinsa. Yau sai ka ga an jera zawarawa da marayu, kowa riƙe da ledar shinkafa, an haska musu kyamara a fuska, an watsa wa duniya. Shinkafar za ta ƙare cikin kwana uku, hoton kuwa yana nan. Yaron zai girma, ya shiga makaranta, wata rana abokansa su nuna masa kansa yana miƙa hannu. Bahaushe in zai roƙi Allah, rufin asiri yake fara roƙo, kafin arziki. Bai kamata a ba mutum abinci a karɓe masa wannan ba. Ana iya nuna rijiyar da aka haƙa, da ajin da aka yi wa rufi, da buhunan da aka sauke, da rasiɗin asibiti an rufe suna. In dole sai an nuna fuska, a nemi izini, kuma izinin wanda yunwa ta ci ƙarfinsa sai an yi masa duba na adalci. Mu masu turawa ma da namu alhakin: hoton da ba za ka so a ga ɗanka a cikinsa ba, kada ka tura na ɗan wani.

Da na ce wa 'yar ƙanwata tana da hauya, ba kuɗi nake nufi ba. A gayyar nan ba kowa ne ya yi noma ba, amma kowa ya kawo wani abu: mai tulu, mai fura, mai jaki, har mu masu kwashe ciyawa. Ƙungiyoyin sa-kai suna bukatar hannu iri-iri, kuma waya tana iya kai kowane hannu inda ake nemansa. Wanda ya iya Turanci ya mayar musu da sanarwarsu Hausa mai daɗi. Mai murya ya karanta ta a saƙon murya, domin iyayenmu da yawa ba sa karanta boko amma suna sauraro. Akanta ya ba su awa biyu a wata ya daidaita musu lissafi. Tela ya ɗinka kayan sallar marayu goma. Mai Keke Napep ya kai kaya kyauta sau ɗaya a mako. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ake haifa da sikila, kuma kusan kullum sai an ga saƙo ana neman jini ga mai sikila ko mai naƙuda. Mutum hamsin za su tura saƙon, Allah ya saka musu, amma wanda ya tashi ya je ya kwanta aka ɗebi leda ɗaya, shi ne ya kai kunyarsa ƙarshe.

Su ma ƙungiyoyin akwai abin da ke kansu. Da aka gama noman Malam, kowa ya juya ya ga aikin da idonsa, shi ya sa da aka sake kiran gayya ba wanda ya noƙe. Wanda ya tura dubu ɗaya daga nesa ba ya ganin gona, sai an nuna masa. Ƙungiyar da ta iya roƙo ta kuma iya dawowa ta ce ga abin da ya shigo, ga abin da aka saya, ga abin da ya rage, ga kuma inda muka yi kuskure. Wadda ke yin haka, mabiyanta kan zama 'yan gida. Wadda ba a jin ta sai in tana nema, ko tana da gaskiya, wata rana za ta kaɗa ba wanda zai fito.

Na bar abu mafi muhimmanci a labarin Malam sai yanzu. Bayan mako uku da gayya, ciyawa ta dawo, domin ciyawa ba ta san an yi taro ba. Lokacin maimai ya yi, ƙafar Malam ba ta warke ba, kuma ba a kiran gayya sau biyu a gona ɗaya. Mutum huɗu ne suka yi wannan aiki, mahaifina yana cikinsu. In sun taso daga nasu gonakin da yamma sai su biya, kowa ya yi kunya biyu ko uku, babu ganga, babu fura, babu mai kallo. Kwana takwas suka yi a haka. Da ba don su ba, da noman ranar Asabar ya tashi a banza.

Nan ne waya ta fi rauni. Tana son sabon abu, tana gajiya da wuri. A watan Maris na 2012 ƙungiyar Invisible Children ta saki wani bidiyo na kusan rabin awa a kan Joseph Kony, madugun 'yan tawayen LRA na Yuganda da ke sace yara. Cikin kwana shida an kalle shi sau miliyan 100. Da aka kira mutane su fito tituna ranar 20 ga Afrilu, kaɗan ne suka fito. Ba a kama Kony ba, kuma a ƙarshen 2014 ƙungiyar ta sanar da rage yawancin ayyukanta da ma'aikatanta. In ganga ta faye zaƙi, a ji mata tsoron fashewa. Mu ma mun ga namu. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, wayoyi suka cika da hotuna da lambobin asusu, mutane kuma suka yi abin a yaba. Amma gidan da ya rushe ba ya tashi cikin mako biyu, ɗan kasuwar da jarinsa ya tafi da ruwa yana nan bayan hankali ya koma wani wuri. Ƙungiyoyin da suka zauna da su suna bukatar masu maimai.

Dubu ɗaya duk wata, wadda ƙungiya ta san tana zuwa, ta fi mata dubu ashirin da ta faɗo sau ɗaya, domin da ita ake iya ɗaukar malami ko a yi wa mai kawo abinci alkawari. Kuma kada zumunci ya tsaya a shafi kawai. Gangar nan ta aro ce, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Ƙungiyar da ba ta san masu taimakonta ba sai ta shafi, ranar da shafi ya rufe ta zama marainiya. Mai taimako ya san ƙofar ofishinsu, ya san mutum ɗaya a cikinsu da zai kira, su ma su san shi.

'Yar ƙanwata ta dawo bayan wata biyu. Ba ta gano gidan da ke cikin wancan saƙon ba, amma ta gano wani da ke kusa da makarantarsu. Ta ce, "Kawu, na je. Abinci suna da shi daidai gwargwado. Amma 'yan matan wurin ba mai yi musu kitso." Yanzu duk Asabar ta biyu ita da ƙawayenta uku sukan je da mataji da man kitso, su wuni. Ta nuna mini abin da ta sa a shafinta: babu fuskar kowa, sai bayan kan wata yarinya da sabon shuku, da layi biyu tana cewa sabulu da man shafawa sun kusa ƙarewa, mai niyya ya kai da kansa, ga kwatancen wurin. Ta ce mutum shida sun kai, biyu daga cikinsu sun koma ba tare da an sake kiransu ba.

Malam ya warke bayan kaka. Damina ta gaba, da aka kira gayya a gonar wata tsohuwa da ɗanta ya tafi ci-rani bai dawo ba, shi muka tarar a gindin gona da hauyarsa, yana ɗingishi, tun makaɗi bai iso ba.